“Irin Wagga Riga Nika So”: Gasar Ɗinkin Masoya 'Yan Fim A Boɗinga Da Shagari

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon tela a garin Boɗinga cikin goman ƙarshe na watan azumi, ya san ba wurin zaman hira ba ne. Keke na ƙugi, janareto na ƙugi, ƙyallaye sun rufe ƙasa, ga ƙullin atamfa da leshi da shadda an jibge har kusa da rufi, kowanne da sunan mai shi a jikin 'yar takarda. Shi kan sa telan idon sa ya yi jawur don rashin barci. A cikin wannan hali ne za ka ga budurwa ta yi sallama, ƙanen ta na biye da ita riƙe da leda. Ba ta zo da wani dogon bayani ba. Wayar ta kawai za ta zaro, ta buɗe wani fim da ta tsayar a daidai inda jarumar ta shigo falo, ta miƙa masa.

“Malam tela, irin wagga riga nika so.”

Tela zai karɓi waya ya ƙura ido, ya ja hoton da yatsu biyu don ya ga wuyan rigar da hannun ta sosai. Sannan ya dubi atamfar da ke cikin leda, ya dubi yarinyar, ya yi tambayar da dattawan teloli a ƙasar Sakkwato su ka saba yi:

“To ɗiyata, an gani gida? Baban ki ya yarda da wanga wuya?”

Daga nan ciniki ya fara, kuma ba na kuɗi kaɗai ba. Za a yi cinikin faɗin wuya, a yi na tsawon hannu, a yi na yadda siket zai kama jiki ko zai saki. Yarinya na so ta fito kamar tauraruwar da ta ke ƙauna. Uba na so 'yar sa ta fito kamar 'yar gidan mutunci. Tela kuwa ya na so ya faranta wa duka biyun, domin idan ya ɓata wa ɗaya, ya rasa ɗinkin gidan baki ɗaya. A wannan ɗan shago ne ake yanke hukuncin abin da zai shiga gari daga cikin fim da abin da zai tsaya a waya.

GASAR DA BABU ALƘALI

Boɗinga na kan babbar hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato ta yi kudu zuwa Tambuwal da Jega. Daga Sakkwato tafiyar ba ta da nisa, kuma idan ka ƙara gaba kaɗan a kan wannan hanya sai ga ka a Shagari. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Boɗinga na da mutum sama da 170,000, ta Shagari kuma sama da 150,000. Yawancin su manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Ba nan ake shirya manyan finafinai ba, amma nan ake kallon su, kuma kallo na tsakani da Allah.

Babu wanda ya taɓa kafa rumfa a waɗannan garuruwa ya ce yau ranar gasar ɗinkin 'yan fim ce. Amma ranar Sallah ƙarama, da Sallah babba, da ranar kamu ko wunin biki, gasar na nan a fili. 'Yan mata za su fito ayari-ayari zuwa gaida dangi, kowa ta na satar kallon ta kusa da ita. Alƙalan su ne ƙawaye da matan yayye da gwaggwanni. Babu kofi, babu kyautar kuɗi. Wadda ta ci ita ce wadda aka fi tsayarwa a hanya ana tambayar ta, “Wa ya ɗinka miki?” Wadda ta faɗi kuwa ita ce wadda aka ce da ita, “Ai na fim ɗin ba haka ya ke ba.” Wannan magana kaɗai ta isa ta sa a bar tela har abada.

BA YAU FARAU BA

Masu cewa fim ne ya koya wa mutane sa kaya don nuna wanda su ke bi, sun manta da tarihin wannan ƙasa. Tun kafin hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu a 1804, Sarkin Gobir Nafata ya kafa dokar hana maza naɗa rawani da hana mata yin lulluɓi, domin ya gane da sutura ake gane jama'ar Shehu. Shi Shehun ya zauna a Sifawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga a yau, kafin ya koma Sakkwato a 1815. 'Yar sa Nana Asma'u kuma, da ta kafa tsarin 'yan taru don ilmantar da matan karkara, da malfa ta ke naɗa jajin da za ta shugabance su. Ba wai ana haɗa waɗancan bayin Allah da 'yan wasa ba ne. Abin lura shi ne mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin cewa tufa na magana.

A zamanin siyasa ma haka abin ya ke, kuma garin Shagari ne ya fi kowa shaida. Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda aka haifa a garin a 1925, ya mulki Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Doguwar hular da ya ke kafawa a kan babbar riga ta yi suna har a Kudu, inda mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba su ka riƙa shiga kasuwa su na neman hular Shagari. Allah ya yi masa rasuwa a watan Disamba 2018, aka kai shi makwanci a garin nasa, amma sunan hular bai mutu ba.

Kafin shi an yi hular Zanna Bukar, wadda ta samo suna daga Zanna Bukar Dipcharima na Jamhuriya ta Farko. Bayan sa mata sun yi yayin ɗaurin Maryam Babangida. A ƙarshen mulkin Janar Sani Abacha maza su ka samu rigar da har gobe ake kira tazarce. Daga baya ga jar hular Kwankwasiyya, ga ɗaurin Zahra Buhari da 'yan mata su ka riƙa koyo a gaban madubi. Ashe ke nan Bahaushe ya saba ya ɗauki sunan wanda ya burge shi ya laƙaba wa abin sawa. Da 'yan fim su ka zo, gurbi su ka tarar a buɗe.

DAGA INDIYA ZUWA ƘOFAR WAMBAI

Fim ɗin da ya fara shiga akwatin kayan Bahaushiya ba na Hausa ba ne. Tun shekarun 1960 gidajen sinima a biranen Arewa ke nuna finafinan Indiya, har 'yan kallo su ka raɗa wa jaruman sunaye: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Matan aure ba su zuwa sinima, amma da talbijin da bidiyo su ka shiga gidaje sai su ma su ka samu rabon su. Daga nan aka ga awarwaro jere a hannu, da siririn gyale mai ƙyalli, da riga da wando da ake kira 'yan Pakistan.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da “Turmin Danya”, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin Hausa na farko a kaset ɗin bidiyo na kasuwa. Shekara goma bayan haka harkar ta zama gagarabadau. “Sangaya” na kamfanin Sarauniya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad su ka fito a ciki, ya nuna kayan sarauta da adon gidan sarki. “Wasila” na Yakubu Lere, a 2000, ya nuna shigar 'yan birni. Kaset na barin kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, ya iso Sakkwato a mota, daga nan ya gangara Boɗinga da Shagari da Dandin Mahe da Kajiji, ya shiga shagunan haya. Gida ɗaya mai bidiyo kan tara matan unguwa guda.

A wancan lokaci aikin tela ya fi na yanzu wuya. Babu waya mai hoto. Yarinya sai dai ta zo da kwalin kaset, ko fostar da ta roƙa a shagon haya, ko shafin da ta yago daga mujallar fim. Wata ma baki kawai za ta kawo: “Wadda ta sa a waƙa ta biyu, ba ta farko ba.” Dole tela ya nemi kaset ɗin ya kalla da dare, ya riƙa mayar da shi baya har ya haddace rigar, sannan ya zana ta a bayan littafin awo. Akwai telolin da ba su damu da fim ba ko kaɗan, amma sana'a ta tilasta masu sanin kowace jaruma da sunan ta.

Yau kuwa kaset ya zama tarihi, faifan sidi ma ya bi shi. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo “Daɗin Kowa” da “Kwana Casa'in”. A 2020 finafinai masu dogon zango irin su “Labarina” na Aminu Saira da “Izzar So” na Lawan Ahmad su ka mamaye YouTube. Wanda ba shi da kuɗin data sai ya je wurin masu tura finafinai a waya a zuba masa a memori. Bambancin ya na da girma ga tela. A da fim na fitowa ne sau ɗaya, a yi wata uku ana yayin riga guda. Yanzu kowane mako da sabon kashi, kowane kashi da sababbin kaya. Wadda ta ga Sumayya ta “Labarina” ko Hajiya Nafisa ta “Izzar So” da wata shiga ran Juma'a, ran Asabar ta na bakin shago.

ABIN DA KYAMARA KE ƁOYEWA

Mai karatu zai iya zaton aikin kwafa ne kawai. Duk wanda ya san almakashi ya san ba haka ba ne.

Na farko, yadin ba ɗaya ba ne. Jaruma kan sa leshi mai tsada ko yadi mai santsi da ke zubowa da kan sa. Yarinyar ƙauye kuwa turmin atamfa ta kawo, yadi shida, kuma a cikin sa ake so a fitar da riga da siket da ɗankwali. Atamfa na da tauri, ba ta kwanciya yadda yadi mai santsi ke yi. Sai tela ya san inda zai sa tattara, inda zai sa shafi a ciki, da inda zai juya zanen atamfar don furen ya faɗo a ƙirji maimakon ya ɓace a cikin kalmasa.

Na biyu, kyamara na ɓoye abubuwa da yawa. A lokeshin ana iya kama riga da fil ta baya don ta zauna, a ɗauki jaruma ta gaba kawai. Ita ba za ta yi tuwo da rigar ba, ba za ta hau babur da ita ba, ba za ta durƙusa gaida kaka da ita ba. Wadda ta kawo ɗinki kuwa duk za ta yi waɗannan, kuma rigar za ta yi mata shekara biyu ko uku. Bayan rigar ma sau da yawa ba a gani a fim, sai tela ya ƙirƙiro shi da kan sa.

Na uku, shi ne batun da aka fara da shi. Wuyan da ya faɗa sai a ɗaga shi, ko a cike shi da wani yadi mai kama da launin atamfar. Hannun da ya tsaya a kafaɗa sai a kai shi gwiwar hannu ko wuyan hannu. Tsagar siket sai a rufe ta da tattara. Ƙwararren tela shi ne wanda zai yi duk wannan gyara, amma ƙawaye na ganin rigar su gane ta wace jaruma ce. Wato rigar da ta fito daga shagon Boɗinga ba ta Kano ba ce, ba kuma ta Indiya ba. Sabuwar riga ce da wani ya zauna ya yi tunanin ta, sai dai babu wanda ya taɓa kiran sa mai ƙirƙira.

LAIFIN WA?

Maganar sutura ita ce ta fi kowace jawo wa 'yan fim baƙin jini. Bayan da Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a, Sakkwato da Kano su ka bi sahu a 2000. A ƙarshen wannan shekarar gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai. Cikin manyan ƙorafe-ƙorafen malamai da iyaye har da matsattsun kaya da ƙananan kayan Turawa da 'yan mata ke sawa a wurin rawa da waƙa. A 2007, bayan abin da ya faru a watan Agusta wanda kowa ya sani, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka tsayar da ɗaukar fim na tsawon watanni. A wannan shekarar ce aka ɗaure Adam A. Zango kan faifan waƙoƙin sa na “Bahaushiya”. Ko a watan Nuwamba 2020, hotunan da Rahama Sadau ta sa a intanet sanye da doguwar riga mai buɗaɗɗen baya sun tada ƙurar da ta kai ta fito ta ba jama'a haƙuri.

Duk lokacin da irin wannan ta faru a Kano ko Kaduna, zafin ta na isowa har shagon tela a Shagari. Liman zai yi huɗuba a kan ɗinkin zamani. Uba zai dawo da riga a leda ya ce a warware. Wani ma ba zai biya kuɗin ɗinkin ba, ya ce ai ɓata masa yadi aka yi. Ita kuma yarinya, idan an rufe wuyan fiye da yadda ta so, sai ta kai ɗinkin gaba wurin wani matashin tela da ba ya tambayar ko an gani gida.

Iyayen na da hujja. A gari irin Boɗinga kowa ya san kowa, kuma shigar kwana ɗaya na iya bin yarinya har ranar da za a zo neman auren ta. Su ma 'yan matan ba duka ne ke neman fitsara ba. Yawancin su so su ke su yi kyau, su nuna su ma sun san abin da duniya ke ciki. Teloli mata da ke aiki a cikin gidaje sun sauƙaƙa wani ɓangare na matsalar, musamman batun awo, domin iyaye da yawa ba su yarda namiji ya gwada 'yar su ba. Amma ko mace ce telar, tambayar na nan: wa zai ce ga iyaka? A zahiri wanda ke riƙe da almakashi ne ke faɗa, kuma shi ake zagi ko ta wane gefe aka karkata.

SU MA SAMARIN BA A BAR SU A BAYA BA

Kada a ɗauka abin na mata ne kaɗai. Saurayi ma na zuwa da hoton Ali Nuhu ko Sadiq Sani Sadiq ya ce irin wannan wuyan kaftani ya ke so, da irin aikin da ke gaban rigar. Masu ƙungiyoyin masoya jarumai kan buga hoton gwanin su a farar riga, su sa ranar da zai zo gari ko ranar bikin wani ɗan ƙungiya. Ga kuma jesin ƙwallo. Tun zamanin da Nwankwo Kanu ya ke Arsenal, daga 1999 zuwa 2004, jesi ta zama shaidar ɓangaren da mutum ya ke a gidan kallo.

Sai kuma ƙananan yara, waɗanda dilar gwanjo da kayan Chana su ka haɗa su da jaruman da ba su san labarin su ba. A ranar kasuwa za ka ga yaro na kora awaki sanye da rigar Spider-Man ko mai tambarin Batman a ƙirji. A Amurka irin wannan riga shaida ce ta cewa mai ita masoyin littattafan zane ne na gani-kashe-ni. A nan kuwa uwar ta saya ne don ta fi araha kuma ba ta saurin yagewa.

YADDA WASU SU KA MAYAR DA SHI SANA'A

A can Amurka, wannan son da 'yan kallo ke yi wa jarumai an daɗe da mayar da shi kasuwa. A birnin San Diego akwai taron masoya finafinai da littattafan zane mai suna Comic-Con, wanda aka fara tun 1970. Wata 'yar wasa, Ashley Eckstein, wadda ke yin muryar Ahsoka Tano a zanen “Star Wars”, ta lura cewa kusan duk rigunan masoya na maza ne. A 2010 ta kafa kamfanin Her Universe don yi wa mata, sannan a 2014 ta fara gasar ɗinki a wurin taron. Sharaɗin gasar shi ne abin lura: ba a son ka kwafo kayan jarumi sak, ana so ne ka ɗauki launi ko alama ko halin sa ka fitar da sabuwar rigar da za a iya shiga taro da ita. Alƙalai na zaɓen gwanin su, 'yan kallo ma na zaɓen nasu, kuma waɗanda su ka ci kan samu damar tsara kayan da za a sayar a kantunan Hot Topic. A Japan ma birnin Nagoya na karɓar taron duniya na masu shigar jarumai tun 2003. A nan gida an fara irin wannan taro a Legas a 2012.

Idan aka duba da kyau, sharaɗin gasar San Diego shi ne abin da telan Boɗinga ke yi kullum ba tare da ya sani ba. Bambancin kawai, can ana tafa wa mai yi, a ba shi kwangila.

Akwai wani darasin a fim ɗin “Black Panther” na 2018. Mai tsara suturar fim ɗin, Ruth E. Carter, ta ɗebo daga kayan al'ummomin Afrika daban-daban, ciki har da shigar Buzaye, waɗanda mutumin Sakkwato ke gani kullum a kasuwa. A 2019 ta ci kyautar Oscar da wannan aiki, ta sake ci a 2023 da kashi na biyu. Haka kuma fim ɗin “Amina” na Izu Ojukwu, kan Sarauniya Amina ta Zazzau, ya ci kyautar tsara sutura a bikin AMVCA na 2022. Kayan mu ne, amma wasu ke karɓar kofi da su.

INA KUƊIN KE TAFIYA?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata masu industiri su yi wa kan su. Jaruma ta sa riga, dubban 'yan mata sun kwaikwaya, to wa ya ci riba? Masaƙar Kaduna ta KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta daɗe da rufewa. UNTL, wadda atamfar ta ta cika akwatunan lefe a da, ta tsaya a 2007. Atamfar da ake saye yau a Kantin Kwari da Babbar Kasuwar Sakkwato yawanci daga Chana ta ke, shadda mai daraja daga Ostiriya, babbar atamfa daga Holan. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki Naira a 2023, kuɗin yadi da zare da man janareto duk sun tashi, amma tela bai isa ya ƙara kuɗin ɗinki daidai da haka ba, domin masu kawo masa aikin ma a matse su ke.

Ga shi kuwa ƙasar Sakkwato ba matalauciya ba ce a wannan fanni. Fatar jar akuyar ta ita ce wadda fatake su ka riƙa ratsa Sahara da ita, har Turawa su ka san ta da sunan fatar Maroko. Dukawa na nan, masu aikin hula na nan, masu yi wa babbar riga aska biyu da aska takwas da hannu na nan. Da jaruma ɗaya za ta riƙe jakar dukawan Sakkwato a kashi uku na shiri mai dogon zango, da an ga yadda za a yi layi a rumfunan su. Amma sau da yawa a lokeshin ɗan wasa ne ke zuwa da kayan sa, ko a aro daga kantin da ke neman talla, sunan mai kula da sutura kuma ya wuce da gudu a ƙarshen fim lokacin da kowa ya tashi.

Ba abu ne mai wuya ba furodusa ko ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN su shirya gasa kafin Sallah: a ba teloli maza da mata jarumi guda ko jaruma, kowa ya fitar da ɗinkin da ya dace da halin ta, da sharaɗin ya zama wanda uba zai gani bai ɓata rai ba, kuma a sa wani abu na gida a ciki. Wanda ya ci a ba shi ɗinkin shiri na gaba, a rubuta sunan sa da garin sa a allo. Hukumar Finafinai ta Nijeriya ma, wadda aka naɗa Ali Nuhu shugaban ta a watan Janairu 2024, ba za ta rasa rawar takawa ba. 'Yan fim za su rage zargin ɓata tarbiyya, tela ya samu suna, iyaye kuma su samu abin nunawa idan 'ya ta zo da waya.

Kafin a kai ga haka, gasar za ta ci gaba yadda ta saba. Daren Sallah, wajen ƙarfe biyu, ƙanen yarinyar nan zai dawo shagon karo na uku. Tela zai yanke zaren ƙarshe, ya goge rigar da dutsen guga na gawayi don an ɗauke wuta, ya ninke ta a leda. Wuyan ya ɗan hau sama da na fim, hannun ya ɗan ƙara tsawo. Da safe za ta sa ta, uban ya dube ta a tsakar gida ya yi shiru, wanda a wurin sa yarda ke nan. Idan Allah ya taimaki telan, kafin la'asar wata za ta tsayar da ita a ƙofar gidan kaka ta tambayi wanda ya ɗinka.